Ɓuntun Shinkafa a Kan Teku

Tun da na dawo daga Fatakwal ban sake shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin kasuwar Gazara sai a zagaye ni. Ɗanlami, yaya tekun yake? Da gaske ne ba a hango gaɓarsa ta can? Da gaske 'yarka ta nuna maka gobe a cikin gilashi? Kafin in gama da wannan wancan ya iso, a ce in faro daga farko. Shi ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ce bari in zuba shi a takarda sau ɗaya in huta. Aji uku na yi a firamare a Ikara lokacin ina hannun kawuna, kuma ko a ukun nan rabin kwanakin a kan mangwaron bayan aji na yi su. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, haka mai shi ma yake tafiya.

Bakina ne ya jawo tafiyar. Autata Rabi ta yi karatu mai zurfi a Zariya, ta yi aure, aiki ya kai su Fatakwal ita da mijinta Nasiru. Da ta zo sallar bara na ce ta gaya mini abin da take yi a can. Ta ce, "Baba, in ɗanyen mai ya zube a ruwa, ni nake duba a kwamfuta in gaya musu inda zai kai gobe da jibi, don a riga shi zuwa a tare shi." A duk maganar nan kalma biyu na tsinta: duba da gobe. Ranar kasuwar Makarfi na baza su a rumfar masu rake. Na ce 'yata fa duba take yi, manyan mutane layi suke a ƙofarta, ta san abin da zai faru gobe. Na faɗa ne kawai don a ce Ɗanlami ya haifa. Kafin sati ya zagayo maganar ta je Hunkuyi ta dawo da ƙafa huɗu, har da cewa tana da aljani a cikin akwati wanda ba ya cin komai sai lantarki.

Maganar ta shiga kunnen Yaya Malam, wana uwa ɗaya uba ɗaya, limamin unguwarmu, wanda tun rasuwar mahaifinmu ba a yanke komai a gidanmu sai da shi. Ya kira ni zaurensa.

"Ɗanlami, gaibu na Allah ne. Wanda ya je wurin mai duba ma an san hukuncinsa, balle mai dubar."

Na ce, "Yaya Malam, ai gishiri na ƙara."

"Yaushe ka taɓa magana ba gishiri? Amma ruwa ba ya tsami banza."

Ya sa aka kira masa Rabi a waya. Ta yi ta bayani, Turanci yana faɗo mata, shi kuwa fuskarsa tana ƙara ɗaurewa. Daga ƙarshe na ji muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "Baba Malam, in kun ce in bari, zan bari." Na san halin Auta, in ta faɗa za ta yi. Shekara nawa tana karatun nan da fitilar ƙwai, ga shi bakin ubanta zai rushe shi a rumfar rake. Uwarta Hajara kuwa tsoro ya kama ta, ta daina ɗaukar wayarta. In wayar ta yi ƙara sai ta kifa mata kwano, ta zauna tana kallon kwanon har ya yi shiru.

Yaya Malam ya ce, "Ƙafata ba za ta kai ni ba. Kai ka kunna, kai za ka je ka gani da idonka. In duba ce, ta ajiye aikin. Kuma in ka dawo, a gaban Alƙur'ani za ka ba ni labari, ba a bencin mai shayi ba."

Ranar tafiya Hajara ba ta ce in gaida kowa ba. Amma da na ɗaga buhuna na ji ya yi nauyi. Na leƙa: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da mazarƙwaila curi shida. Na ce na wa? Ta ce wa bango, "Na wanda ya tsinta."

Acaɓa ya kai ni Makarfi, bas ta kai ni Zariya, daga nan na shiga doguwar mota mai zuwa Kudu. An zaunar da ni kusa da wata mata Ibo mai jiki, wadda ta cinye kujerarta da rabin tawa. Na yi ƙunƙuni da Hausa, na ce wannan kuɗin mutum biyu ya kamata ta biya. Ta juyo ta ce, "Baba, kai kuma rabi ya kamata ka biya, ai daidai ke nan." A Sabon Garin Zariya aka haife ta, Hausarta ta fi tawa miƙewa. Na ba ta goro na wanke kunya, muka zama abokan hanya.

Daga Kaduna zuwa Abuja ban ga abin da ban sani ba sai gidaje masu hawa kan juna. Bayan Abuja ne ƙasa ta fara sauya riga. Na baro gida an gama girbi, kara ya bushe, amma nan sai na ga kore yana dawowa sannu sannu, kamar motar baya take tafiya da mu cikin watanni, daga kaka zuwa marka. Gyangyaɗi ya riƙa ɗaukata yana saukewa. In na buɗe ido in ga dutse, in na sake buɗewa in ga ayaba. Dab da Lakwaja muka hau wata doguwar gada, kogin Kwara yana kwance a ƙasa kamar an shanya farin yadi ba mai kwashewa. Na ce a raina, to ga tekun nan, ashe ba nisa. Matar ta ce, "Wannan ai ƙaninsa ne."

A Lakwaja muka yada zango. Na sami masauki wurin Hausawa masu sayar da albasa, a wani ɗaki da ƙanshinsa ya sa na yi kuka ba wanda ya mutu. Mai masaukin mutumin Kudan ne, ya yi shekara ashirin a can. Ya tambaye ni fadamar garinsu ko har yanzu tana riƙe ruwa, ya tambaye ni wata tsamiya a bakin hanya ko an sare ta. Ban san tsamiyar ba, amma na ce tana nan, har ta ƙara reshe. Ya yi murmushi ya ƙaro mini shinkafa. Wannan ƙaryar ban sa ta cikin waɗanda zan tuba a kansu ba.

Washegari hanya ta shiga kurmi. Itatuwa suka haɗe kai a samanmu, rana tana zubowa ɗigo ɗigo. A wani shinge masu kaki suka sauke mu, aka ce kowa ya tsaya bakin kayansa. Ɗaya ya zura hannu a buhuna ya zaro ƙullin kuka. Ya kwance, ya ga koren gari, ya shinshina, ya dube ni da hular kaina, ya kira ɗan'uwansa. Turancina duka bai cika cokali ba, na ce masa miya ce, miya. Na nuna tukunya da hannu, na yi kamar ina kaɗawa da maburgi. Da alama abin ya fi kama da naɗa taba, don sai ya ƙara riƙe mini hannun riga. Matar nan ce ta sauko tana faɗa da harshe uku. Ta lakaci kukar ta jiƙa da ruwan gora a tafin hannunta, ta ja ta nuna musu yauƙi. Mai kakin ya yi dariya, ya koma kan mazarƙwaila. Na ɓantaro masa. Ya tauna, ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Curi shida suka shiga shingen nan, biyar suka fita, kuma ni na ba shi da hannuna don na ga ran mutum ya so.

Da muka sake hawa wata gada a Anacha aka ce mini kogin Kwara ne, na tashi tsaye na ce direba ya ɓata hanya ya dawo da mu baya, jiya muka haye shi. Mota duka aka yi mini dariya, har waɗanda ba su ji Hausa ba.

Da la'asar sakaliya muka shiga Fatakwal ana yayyafi. Nasiru ya tarbe ni a tasha yana sunkuyar da kai irin na suruki. Rabi ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Baba Malam, ta tambayi kowa har akuyar gida, ba ta tambayi uwarta ba. Na miƙa mata buhu. Tana kwance ƙullin daddawa ta gane ɗaurin, ta shige kicin, ta daɗe tana wanke kwano ɗaya.

Garin nan ruwa ne da ƙasa suke zaman haya tare, ba a san mai gidan ba. Rigar da na wanke ranar da na isa sai ranar da zan taho ta yarda ta bushe. Gaisuwarsu kuwa kalma biyu ce, mutum ya wuce. Na tsayar da maƙwabcinsu ina tambayar iyali da gajiya da sanyi, ya ɗauka roƙo nake. Abinci: sun ba ni gasasshiyar agada da kifi da manja, na ce wannan ko a gida a kawo. Amma akwai wata miya da Nasiru ya sayo don in ɗanɗana, cike da 'yan ƙananan dodon koɗi da ɓawonsu. Wai tsotsa ake a zuƙo naman. Ni kuwa na tauna. Haƙorin da na bari a Fatakwal shi ne na uku daga hagu.

Bayan gidansu akwai wani rafi. Da safe na ga yana gangarawa hagu, na yi alwala na koma. Da azahar na fito na tarar yana tafiya dama, ya cika har ya taɓa ƙafar gadar katako. Na murza ido. Shekarata sittin da wani abu, ina ban-ruwa a fadama, ban taɓa ganin ruwan da ya tafi ya yi nadama ya dawo ba. Rabi ta ce teku ne yake numfashi, sau biyu a yini yana turo ruwa cikin rafuka ya sake janyewa, kuma wata ne yake jan sa. Na zauna a gadar nan har magariba ina kallo. Wani ɓawon lemo ya wuce ni da azahar ɗin, da yamma ya dawo ya same ni inda ya bar ni, kamar ya je kasuwa.

Ranar Litinin ta kai ni ofis. Na shiga da bismilla da ƙafar dama, ina baza ido in ga ƙwarya ko baƙin zakara. Ba komai sai sanyin esi da mutane shida kowa da allon gilashi a gabansa. Shugabansu wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ya ba ni hannu biyu. A bango akwai babban allo, shuɗi da kore, rafuka sun rarrabu a kansa kamar jijiyar bayan hannun tsohuwa.

Rabi ta ce, "Baba, a ce bututu ya fashe a nan." Ta taɓa wani wuri. Sai ga baƙaƙen ɗigo sun fito, dubbai, sun dunƙule kamar garken tsuntsayen jan-baki a kan gonar gero. Suka fara tafiya. Su miƙe, su tsaya, su ɗan dawo baya, su sake miƙewa, suna bajewa. A kusurwar allon agogo yana gudu, yini guda yana wucewa kafin mutum ya haɗiye yawu. Na ga kamar ina sama, kan wata bishiya da ta fi kowace tsawo, ina kallon jibi tana tahowa.

Na ce, "Wa yake gaya musu inda za su?"

Ta ce iska, da numfashin tekun nan da na gani, da ƙarfin kogin da ke turowa daga sama, da zurfin kowane rafi. Akwai abubuwan awo da aka kafa a kan ruwa suna aiko da labarin iska, wani labarin kuma daga tauraron ɗan'adam yake zuwa. Har irin man sai an gaya wa kwamfutar, don mai kauri tafiyarsa daban, marar kauri rana tana shanye wani abu daga cikinsa. Ita kuma sai ta yi lissafin sau ɗaruruwa, kowane da ɗan bambancin iska, a ga inda ɗigon suka fi taruwa.

"To in an gani?"

"Akwai shingen roba mai yawo a kan ruwa, shi ake ja a tare bakin rafi. Amma ba ya isa a tare ko'ina, kuma jirgi yana ɗaukar awoyi kafin ya kai shi. Dole a san bakin da za a fara rufewa, kafin mai ya shiga inda kifi yake ƙwai da inda mutane suke da komar kamun kifi."

Na ce a raina, bakin mai duba ma da daɗi. Sai na ɗana mata tarko. Na matso na rage murya. "Auta, tunda ga mu ga shi, duba mini daminar baɗi a Gazara."

"Ban sani ba, Baba."

"To wa ya ɗauke mini garma shekaran bara?"

"Baba!"

"Ko shekaruna da suka rage? Ba zan gaya wa kowa ba."

Ta yi dariya har ta riƙe teburi. Ta ce ko man nan, bayan kwana uku maganarta ba ta da ƙarfi, don iskar da ba ta zo ba ba wanda ya riƙe ta. Na nemi a nuna mini akwatin. Shugaban ya buɗe wani ɗaki mai tsananin sanyi, ƙarafa tsaye suna gurnani, 'yan fitilu suna ƙifta ido. Na karanta abin da na haddace na tofa. Ba abin da ya ƙone, ba abin da ya yi ihu. Shugaban ya ce amin.

Hankalina ya fara kwanciya, sai ranar Laraba ta tayar da shi. Aka ce za a fita atisaye kan ruwa, Rabi ta roƙa aka yarda in bi su. Aka ɗaura mini wata riga mai ruwan lemo wadda wai ba ta barin mutum ya nutse, na zama kamar kabewa da hula. Mai jan jirgin wani tsohon masunci ne, sa'ana, fatarsa kamar tsohon kilishi. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa, na raba mana goro muka fahimci juna. A tsakiyar jirgin na ga buhu huɗu. Muka yi ta ratsa rafuka, itatuwa tsaye cikin ruwa kan saiwoyinsu kamar masu tattare wando za su haye. Sannan gaɓa ta ja baya, ta ja baya, ta ɓace a gefe ɗaya. Ku da kuke tambaya: da gaske ne, babu gaɓar can. Ruwa ne ya tafi har ya gaji ya zama sama.

Aka kashe inji. Rabi ta dubi agogo, ta ɗaga hannu. Aka kwance buhunan aka fara zazzagewa cikin teku. Ɓuntun shinkafa ne, irin wanda muke bari tuli a bayan injin casa.

A nan dole in faɗi abin da na ɓoye shekara arba'in, tunda yanzu ya riga ya fita. Ina saurayi, shekara ukun da gida suka san ina Kano koyon ɗinki, ba ɗinki nake ba. Jakar wani mai bugun ƙasa nake riƙewa, muna bin kasuwannin ƙasar Katsina. Aikina in zauna a tasha in saurari damuwar mutane in kai masa, in sun zo ya zana ƙasa ya faɗa musu abin da suka faɗa da bakinsu. Kuma duk wanda ya zo, ƙarshen maganar ɗaya ce: a je a zuba wa ruwa hatsi, sadakar mutanen ɓoye. Ga shi yau 'yata, da digirinta, tana zuba wa teku. Na ce shi ke nan, aikin Auta ya ƙare, kuma da bakina zan ƙarasa shi a gaban Alƙur'ani.

Na ce, "Rabi, wa ake ba wa?"

"Wa ake ba me?"

"Sadakar."

Ta dube ni, ta dubi ɓuntun, sai ta gane. Ba ta yi dariya ba. Ta zaro wata takarda mai taswira ta shimfiɗa a gwiwata. Ta ce ba za a zuba mai na gaske don gwaji ba, shi ya sa ake zuba ɓuntu, yana yawo a sama kamar mai kuma ba ya cutar da kifi. Tun jiya kwamfuta ta zana inda za shi: kafin la'asar zai bi ta daman wancan tsibirin ya shiga rafin da ke bayansa. "Mu kuma za mu bi shi mu ga ko gaskiya ta faɗa."

Muka bi shi. Ban taɓa yin yini irin wannan ba. Ba a kunna inji sai jefi jefi. Ɓuntun ya baje a kan ruwa kamar tabarmar zinariya, yana lanƙwasa yana miƙewa, mu muna binsa a hankali kamar masu rakiyar amarya. Ba ƙara sai ruwa yana lasar cikin jirgi. Na yi azahar a zaune, alƙibla tana juyawa ina binta. Wani farin tsuntsu ya sauka a tsakiyar ɓuntun ya yi tafiyarsa kyauta. Har na fara ganin kamar masussukarmu ce ta taso daga Gazara ta biyo ni, ina jin kamar in na saurara zan ji mata suna shiƙa. Na tuna yadda kafin a ɗaga ƙwarya ake ɗibar ƙasa a saki a ga inda iska ta nufa, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan duba.

Dab da tsibirin sai tabarmar ta yage. Mafi yawa ya bi dama kamar yadda takarda ta ce. Amma wani babban yanki ya karkata hagu, ya miƙe wani ƙaramin rafi inda na hango turakun koma da rufin bukkoki. Tsohon masuncin ya buga cinya yana dariya, yana nuna ruwa da haɓa. Rabi ta tambaye shi, ya yi ta magana. Ta ce wai tun ruwan bara yashi ya taru a ƙarƙashin wurin ya yi tudu, shi ke raba ruwa biyu. Su taswirarsu ta zurfi tsohuwa ce.

Tausayinta ya kama ni, ga mutane a jirgi, ga shugaba a ofis yana jira a wayar oba-oba. Tsohuwar sana'a ta motsa. Na ja gefen mayafinta na ce, "Auta, kada ki yarda. Ki ce masu zubawa ne suka saɓa sharaɗi. Ki ce an zuba da hannun hagu, ko wani ya yi magana. Haka ake yi."

Ta ce, "Baba, ai don wannan muka fito."

Ta ɗauki oba-oba, a gaban kowa, da murya sarai, ta gaya wa shugabanta lissafinsu ya kuskure a hagun tsibiri. Ta karɓi gorar tsohon ta sa aka yi ta auna zurfi tana rubutawa, tana tambayarsa yana gyara mata. Da ta zauna ta ce mini, "In na ɓoye yau, ranar da mai na gaske ya zube shinge yana dama, mai yana cikin komar mutanen can."

Washegari a ofis ta shigar da sabon awon. Ta saki ɗigon nan. Suka taho, suka iso tsibiri, suka rabu biyu. Mutanen ofis suka yi tafi, wai murna suke an kama su da kuskure.

Dawowa ba ta da labari, barci na yi ta yi, in na rufe ido kujerar mota tana lilo kamar jirgi. Na iso Gazara ranar Asabar da hantsi. Ko buhu ban ajiye ba aka ce Yaya Malam yana zaure. Ga Alƙur'ani a kan buzu, ga dattawan unguwa uku. Na yi alwala na zauna. Na ba da labari tun daga allon har ɓuntu, ba gishiri, abin har ya yi mini salam a baki.

Yaya Malam ya ce, "Ta ce ta san gobe?"

"Ta ce kirdado ne da awo, kuma bayan kwana uku ba ta da ta cewa. Amma ba wannan ne hujjata ba, Yaya Malam. Mai duba ba ya bin maganarsa a baya ya ga ko ta tabbata. In ta ƙi, laifin wanda ya zo ne, ko zakaran bai cika baƙi ba. Har abada ba ya cewa na yi kuskure, don ranar da ya faɗa ranar kasuwarsa ta watse. Ita kuwa jirgi ta ɗauka ta je neman kuskurenta, ta same shi, ta yi shela."

Ya dube ni ya ce, "Kai a ina ka san cikin masu duba haka?"

Ga Alƙur'ani a gabana. Na dubi ƙofa, ta yi nisa. Na faɗa musu duka, da jakar, da tashar, da kasuwannin.

Wani dattijo ya yi salati. Yaya Malam ya ce, "Ɗinkin Kano?"

"Ko zare ban taɓa zurawa a allura ba."

"Shi ya sa. Shekara arba'in ina mamakin telan da matarsa ke ɗinke masa aljihu." Ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Wanda ya ga hadari ya kwashe shanya bai shiga gaibu ba. Yarinya ta riƙe aikinta, Allah ya yi mata albarka. A gaya mata ta daina cewa duba, ta ce awo, saboda masu kunne irin na ubanta. Kai kuma akwai zama tsakanina da kai."

Ashe Hajara tana bayan ƙofar zaure tun farko. Bai rufe baki ba na ji ta a tsakar gida tana waya: "Rabi? Ke Rabi, ni ce. Wai da gaske cikin kwalekwale kike shiga? Ke da ko rijiya ba kya leƙawa?" Suka yi ta yi, kuka da dariya a haɗe. Na jingina da bango na yi hamdala.

Can sai na ji ta ce, "Tsaya, ina zuwa." Ta leƙo zauren, waya a kunne, ta manta da dattawan da ke zaune, ta tsare ni da ido.

"Malam, wane mai bugun ƙasa? Ba dai wanda ya zo Ɗanja ya ce wa innata mijin da zai riƙe ni da alheri siriri ne baƙi mai wushirya, kuma za a gan shi ranar kasuwa da jar hula ba?"

Na ce, "To ai bai yi ƙarya ba."

Rabi tana kan aikinta. Ni kuwa Hajara ta rufe mini tukunyarta, yau kwana tara ke nan a gidan Yaya Malam nake cin tuwo.